Tabon Cingam

Duk ranar buɗe kakar besbol, wasan ƙwallo da sanda na nan Amurka, da an gama cin abincin rana, nakan haura tudu zuwa gidan Emil Tomasko. Haka muke yi tun muna aiki tare a masana'antar ƙarfe ta bakin kogi, har aka rufe ta, har tsufa ya cim mana. Zan same shi a kicin ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa, ya goge tebur tas, ya ajiye fakitin katunan hotunan 'yan wasa guda ɗaya a tsakiya. Ba sabon fakiti ba ne irin wanda yara ke saye a kanti. Tsoho ne, na shekarar da ɗansa Russ ya buga a babbar gasa.

Russ mai jifan ƙwallo ne, bahago. Bai kai kaka guda a babbar gasar ba, amma dai ya daɗe har kamfanin kati ya ɗauki hotonsa. Sai dai sun sa shi a rukunin ƙarshe, wanda ake fitarwa dab da rufe kaka, lokacin da yara sun koma makaranta, masu kanti kuma sun daina karɓar katin besbol. Kaɗan aka buga, ko fakiti ɗaya bai iso garinmu ba.

A gidan Tomasko akwai wata doka da Emil ya kafa tun Russ yana ƙarami. Wata rana yaron ya zo yana kuka a saya masa katin wani gwani a hannun ɗan mai kantin magani, Emil ya ce masa katin da mutum bai ciro da hannunsa daga fakiti ba, ba nasa ba ne, aro ya yi. Russ ya tashi da wannan. To da nasa katin ya fito, sai ya bugo waya daga can yamma yana dariya, ya mayar wa uban da maganarsa.

"Baba, kada in ji ka saye ni a hannun wani. Ciro ni za ka yi."

A watan nan uba ya zagaya garuruwan kwarin duka a tsohuwar motarsa, ya samo 'yan fakitoci a wata tashar bas, bai dace ba. Da bazara ta zagayo kafaɗar Russ ta ƙi, aka sallame shi, ya dawo gida yana tuƙa babbar mota. Bayan shekara biyu ƙanƙara ta zame da shi a wata gangara, aka kawo gawarsa. Daga nan abin da aka faɗa da wasa ya zama wani abu dabam. Emil bai taɓa ce min ya yi rantsuwa ba. Kawai dai bai sayi katin ba, bai karɓe shi kyauta ba, bai ma taɓa yarda ya kalle shi ba. In muka je baje-kolin kati a Pittsburgh, zai tsaya nesa da teburan da ke da na shekarar, ya aike ni in tambayo ko akwai rufaffen fakiti. Kusan shekara talatin bai san yadda ɗansa ya fito a hoton ba.

Rufaffun fakitocin rukunin ƙarshe suka yi ta ƙaranci, suna tsada, har ya zama guda ɗaya kacal yake samu a shekara. Vern ne ke nemo masa. Vern abokin Russ ne tun makaranta, shi ke cafe masa ƙwallo a ƙungiyar garin, yanzu yana da shagon kati a inda da ake aski. Kowa ya san akwai katin Russ a durowar Vern. Ya sha cewa, "Baba Emil, ga shi nan fa, ba sai ka biya ba," Emil kuma ya sha ce masa ɓarawon yara, ya rufe durowarsa kafin a kira masa 'yan sanda. A haka suke gaisawa.

Buɗe fakitin nan yana da tsarinsa. Emil zai ɗauka ya shinshina, ya juya bayansa, ya sa farce a ƙarƙashin ninkin takardar kakin da aka naɗe shi da ita, ya ɗaga a hankali don kada ta yage. Abu na farko da za a gani shi ne cingam, ɗan falle mai ruwan hoda, ya bushe kamar fasasshen tangaran. Wannan nawa ne. Emil ya ce ladan mai karatu ne, kuma dole in ci a gabansa. A baki yakan farfashe, ya narke ya koma kamar alli da aka barbaɗa wa sukari. Shi kuwa yana kallona yana jin daɗi, yana tambaya ko in ƙara.

Mai karatu da yake ce min, tsokana ce da ta samo asali. Na sauko daga duwatsun Kentucky ban iya rubuta sunana ba, sai da na haura arba'in na shiga ajin manya na ɗakin karatun gari. Emil ne ya ce littattafan ajin na jarirai ne, ya riƙa kawo min katuna wurin aiki, ina haɗa baƙaƙen da ke bayansu a lokacin hutu. Tun daga nan yake kirana Farfesa.

Bayan cingam sai katin da ya kwanta a kai. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon fakiti ya san wannan katin ya lalace. Sukari yakan ci takardar, ya bar tabo mai kaushi daidai girman cingam ɗin, sau da yawa a kan fuskar mutum. 'Yan kasuwa zubar da shi suke yi. Emil kuwa shi yake fara shafawa da babban yatsa, ya ce, "Sannu, ɗan gaba." Ya ce irinmu ne, mu da muka tsaya bakin wuta don na baya su fita fes. Yana da gwangwanin taba da yake tara su a ciki, daban da sauran. Sai ya sa ɗan gaba a gwangwani sannan zai soma juya ragowar ɗaya bayan ɗaya, ina karanto sunaye. In aka kai na ƙarshe babu Russ, zai tattara su ya buga gefensu a tebur su daidaita, ya ce yaron nan har yanzu yana ɓuya. Sai ya ƙara muryar rediyo, mu saurari wasa.

Ciwon suga ne ya soma cin idonsa. Da fari ƙananan rubutun bayan kati ya daina gani, daga baya sunayen gaba. A sanyin da ya wuce kafin abin da zan faɗa, idon dama ya rufe gaba ɗaya. Na hagu ya rage kaɗan, in rana ta fito sosai, ya matsa bakin taga da gilashin ƙara girma, yana iya gane fuska. Likita ya gaya wa 'yarsa Marlene cewa wannan ma ba zai kai wata bazarar ba.

Marlene ƙanwar Russ ce, tana tuƙa motar 'yan makaranta, ita ke kula da uban tun da mahaifiyarta Dolores ta rasu. A wata Juma'a ta azumin Ista, bayan cin soyayyen kifi a zauren coci, ta ce za ta sauke ni gida. Da muka isa ƙofa ba ta kashe mota ba, ba ta kuma buɗe min ba. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu ta gaya min abin da suka shirya ita da Vern.

Vern ya samo fakiti na gaske a wurin wani mutum a Ohio. Zai ɗumama kakin da dutsen guga, ya buɗe, ya sa katin Russ a tsakiya, ya mayar ya liƙe. Ta ce babu wanda ya fi Vern sanin wannan aiki, tunda rabin rayuwarsa ya yi yana kama masu yin haka suna cutar mutane. Ta ce ta je shagon ta sa ya buɗe durowar, ta ga katin. Ashe ita ma duk shekarun nan ba ta taɓa kallonsa ba, don kada ta riga ubanta. Sai ta juyo ta dube ni.

"Kawu Hollis, ba na son ka yi ƙarya. Suna kawai za ka karanta, kamar kullum."

Na ce mata Emil ba yaro ba ne, hannunsa ya san fakiti fiye da idon mutane da yawa. Ta ce ta sani. Ta ce in ina da wata dabarar da za ta sa ubanta ya ga fuskar ɗansa kafin duhu ya rufe, in faɗa yanzu tana ji. Na buɗe ƙofa na fita.

Ranar buɗe kaka ta zo da rana mai kyau, irin wadda ba a cika samu ba a farkon Afrilu. Da na shiga kicin na tarar Marlene ta janye labule duka, ta matsar da tebur kusa da taga, ta ce wai shara ta yi. Akwai ƙanshin kabeji da taliya da ta soya da man shanu. Vern ma ya zo, abin da bai saba ba, da kwalin fanken donot a hannu, ya sa riga mai kwala kamar mai zuwa jana'iza. Emil ya ji muryarsa ya ce wa ya bar ƙofa a buɗe ɓarayi suka shigo, ya tambaye shi wa ya bar wa shago, ko yaran garin sun ƙare ne babu sauran wanda za a cuta. Vern ya ce ya zo ne ya ga yadda Farfesa ke cin guba. Ya yi dariyar da ta fi maganar tsawo.

Emil ya zauna, gwangwanin taba a damarsa, gilashinsa a hagu. Ya ɗauki fakitin ya shinshina. Ya juya shi, ya bi ninkin da yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ina kallon Vern, ya daina tauna. Emil ya gyaɗa kai, ya ce kakin nan ya kwanta da kyau, mutumin Ohio ya san ajiya. Ya sa farce ya ɗaga. Takardar ta buɗe da ɗan ƙaran nan nata, ga cingam kwance a wurinsa. Vern ya yi aiki mai kyau, ni da na sani ma ban ga komai ba.

Ya ɗauke cingam ɗin ya riƙe a hagu, bai miƙo min ba tukuna. Ya sa babban yatsan dama a kan katin farko, ya buɗe baki zai yi gaisuwar da ya saba. Sai yatsan ya tsaya. Ya sake shafawa, daga sama zuwa ƙasa, daga gefe zuwa gefe. Ya juya katin ya shafa bayansa. Ya ajiye cingam a kan takardar, ya ɗauki katunan duka a kife, ya riƙa zare su ɗaya-ɗaya yana shafa fuskokinsu ta ƙasa ba tare da ya juya ko ɗaya ba. A rediyo ana kiran sunayen 'yan wasa, jama'a na tafi. Da ya kai na ƙarshe ya haɗa su, ya buga gefensu a tebur.

"Vern, ina ɗan gaba?"

Vern ya ce wane ɗan gaba, ai ga su nan duka. Emil ya ce masa cingam ya kwana shekara talatin a kan fuskar mutum, ya tashi bai bar masa ko alama ba, wannan wane irin cingam ne mai ladabi. Bai ɗaga murya ba, kamar yana tambayar ƙarfe nawa. Vern ya fara cewa wani lokaci in ɗakin ajiya yana da sanyi, sai ya kalli Marlene, ya bar maganar a nan. Ya sa hannu ya shafa ƙeyarsa. Can ya ce katuna goma ne a fakiti, in an ƙara ɗaya kauri zai nuna, dole ya cire guda.

"Sai ka cire mai tabon."

"Baba Emil, wa zai cire lafiyayye ya bar lalatacce? Hannuna ne ya yi, ban ma yi tunani ba."

Emil ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya ce ɗan kasuwa dai ɗan kasuwa ne, ko a wurin yin alheri. Sannan ya ce, a hankali, da na tsakiya Vern ya cire, da shi Emil bai gane ba, da ya mutu yana gode wa Allah. Vern ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja.

Marlene ta taso daga jikin murhu ta durƙusa kusa da kujerarsa. Ba ta ba da haƙuri ba. Ta ce ita ta sa Vern, in da faɗa a yi da ita. Ta ce Russ yana nan a hannunsa, cikin katunan nan, ga rana ta fito, ga gilashi, babu abin da ya rage sai ya juya. Ta gaya masa abin da likita ya faɗa, wanda ta ɓoye masa tun sanyi. Ya ce ai idon nasa ne, ya riga likita sani.

"To ka duba mana, Baba."

"Ya ce in ciro shi."

"Wasa yake yi. Ina tsaye kusa da wayar ranar, na ji dariyarsa."

"Na san wasa yake yi."

Marlene ta miƙe tsaye. Ta ce ita ma ɗan'uwanta ne, ta yi shekara talatin tana kauda kai daga hotonsa saboda maganar da aka yi da dariya, uwarta ta tafi ba ta gani ba saboda wannan maganar, yanzu shi ma zai tafi. Ta ce Russ da yana nan da shi zai fara ce masa tsoho mai taurin kai. Emil ya ce haka ne, da ya faɗa. Ya ce amma abu ɗaya yaron ya taɓa roƙonsa tun da ya girma, ko da wasa ne, kuma shi kaɗai ya rage da bai gama ba. In ya juya katin nan yau, to ya gama da Russ ke nan, kuma ta hanyar da aka hana shi.

Ya juyo da fuskarsa wajena, ta gefen idon da ke gani. Ya tambaye ni ko ni ma na sani. Na ce na sani. Ya gyaɗa kai kawai.

Ya jera katunan a kan takardar kakin, har yanzu a kife, ya ɗora cingam ɗin a sama, ya ninke takardar yadda take. Ninkin bai zauna ba, ya nemi roba a aljihun rigarsa ya ɗaure. Ya miƙa wa Marlene ya ce ta sa a saman firji. Ba ta karɓa ba. Ta ɗauki jakarta da makullin mota ta fita, ba ta buga ƙofa ba. Ni na tashi na ajiye masa. Vern ya zauna kaɗan, ya ce bari ya je ya buɗe shago, ya bar donot ɗin a kan tebur. Muka saurari wasan mu biyu har ƙarshe. Rana ta bi tebur ta sauka kan daɓe ta tafi. Ban tuna wa ya ci ba, ba na jin shi ma ya sani.

Marlene ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba, amma ba ta fasa zuwa ba. Tana kawo abinci, ta auna masa suga, ta yi masa allura, ta tafi. Daga baya magana ta dawo, kaɗan-kaɗan, a kan wanki da kuɗin wuta da karen maƙwabta. Ba wanda ya ambaci saman firji. Vern ya yi ta buga waya har jihohi masu nisa yana neman wani fakitin na gaske, ya ce ko shagon zai sayar. Bai samu ba. Wata Asabar ya zo da kati guda a cikin leda, na wani ɗan wasa ne mai tsaron fili da ba wanda ya tuna shi, tabon cingam ya rufe masa rabin fuska. Ya ajiye a hannun Emil. Emil ya zare shi daga ledar ya shafa, ya ce, "Sannu, ɗan gaba, ashe kai ma sace ka aka yi." Ya sa shi a gwangwani, ya ce wa Vern ya zauna ya sha kofi tunda ya dawo da kayan sata.

Idon hagu ya tafi a tsakiyar watan Agusta. Babu wani abin mamaki da ya faru. Wata safiya ya tambayi Marlene me ya sa ba ta buɗe labule ba, alhali a buɗe yake.

Na ƙara yawan zuwa. Mukan zauna a baranda da rediyo, shi yana magana ni ina ji. Yawanci maganar masana'anta ce, da mutanen da suka mutu, da yadda Dolores ke ɓoye masa taba a cikin tukunyar da ba a girki da ita. Bai cika ambaton Russ ba. Wani lokaci yakan sa in ɗauko akwatin katuna na wata shekara, in karanto suna, shi kuma ya faɗi ƙungiya da inda mutumin ke tsayawa a fili. Ba ya kuskure sosai, in ya yi kuma sai ya ce Farfesa ne bai iya karatu ba.

Ranar wasan ƙarshe na kaka, da yamma, ganyen bishiyoyin tudu sun soma ja, muna kicin saboda baranda ta yi sanyi. Ƙungiyarmu ta riga ta fita tun tuni, wasan ba shi da wani amfani. Ana tsakiyarsa Emil ya miƙa hannu ya lalubi rediyon ya kashe.

"Farfesa, ɗauko min abin nan na saman firji."

Na ɗauko, ƙura ta hau kai. Ya cire robar da kansa, ya buɗe takardar, ya ajiye cingam a gefe. Ya ce yanzu kam ba zai iya karya doka ba ko yana so, tunda makaho ba ya kallo. Ya ce in nemo katin Russ in ba shi a hannu, kada in karanta sauran.

Yana tsakiya, inda Vern ya sa shi. Sabo fil, kusurwoyinsa da kaifi kamar jiya aka yanka. Na sa masa a tafin hannu. Ya riƙe ta gefe-gefe yadda ake riƙe kati, sannan ya manta da wannan, ya ɗora babban yatsa a tsakiyar fuskar.

Ya ce in faɗa masa abin da na gani, kada in gyara komai. Na ce yana tsaye ne a wani fili da babu kowa, kujeru fayau a bayansa, sama shuɗiya. Ya ɗaga hannu biyu bisa kai kamar zai yi jifa, amma ana gani ba jifan gaske ba ne, mai hoto ne ya ce ya tsaya haka. Hular ta yi masa girma, ta sauko har gira. Gashi ya fito ta bayan kunne. Emil ya ce ai sun yi faɗa a kan gashin nan. Ya tambaya ko yana dariya. Na duba da kyau, na ce ba dariya ba ce sosai, yana ƙoƙarin haɗe fuska ne irin na manyan 'yan wasa, amma gefen bakinsa na hagu ya ƙi. Ya ce ya san wannan, haka yake yi a coci in an hana shi dariya. Ya tambayi tabon haɓarsa, na faɗuwa daga keke. Na ce ana gani, ɗan fari.

Ya daɗe yana shafawa. Sannan ya juya katin ya miƙo min ya ce in karanta bayan.

Na karanta tsawonsa da nauyinsa da sunan garinmu, wanda suka rubuta daidai. Na karanta 'yan lambobin wasanninsa na ƙananan ƙungiyoyi. A ƙasa akwai ɗan zanen barkwanci irin wanda suke sawa, wani yaro yana jifa, wani mutum mai tumbi ya tsuguna da safar hannu ta cafe ƙwallo. Na bi rubutun ƙarƙashinsa da yatsa kamar yadda nake yi har yau, na karanta: Russ ya koyi jifa ne a bayan gidansu, mahaifinsa yana cafe masa kullum da yamma.

Emil ya girgiza kai. Ya ce ƙarya ce. Ya ce Dolores ce ke cafe masa, da safar sauke tukunya a cikin safar ƙwallo don kada hannunta ya kumbura. Shi a shekarun nan yana aikin yamma, ba ya dawowa sai yaran sun yi barci, ranar Lahadi kuma gajiya ba ta barinsa. Ya ce bai fi a ƙirga da yatsu ba sau nawa ya tsuguna wa yaron nan. Ya tambaye ni ko kamfanin ne ke ƙirƙiro irin wannan, ko 'yan wasan ake tambaya. Na ce ban sani ba. Ya ce tambayarsu ake yi, Russ ya taɓa gaya masa, takarda ake ba su su cike.

"To me ya sa ya ce musu ni ne?"

Ba na jin ni yake tambaya. Ya karɓi katin ya kife shi a kan gwiwarsa, ya rufe da tafin hannu. Muka ji motar Marlene ta tsaya a ƙasan tudu, ta yi ribas tana neman wurin ajiyewa kamar kullum. Ya share fuska da hannun riga, ya ce kada in gaya mata komai, shi zai gaya mata da kansa, amma ba yau ba. Bai mayar da katin cikin fakiti ba, ya sa shi a aljihun ƙirji.

"Hollis," ya ce, kuma rabon da ya kira ni da sunana har na manta, "ranar buɗe kakar nan da Vern ya zo, akwai haske sosai ko?"

Na ce akwai.

Ya gyaɗa kai. Ya lalubi tebur har ya sami cingam ɗin, ya turo min shi, ya ce na yi karatu, ga ladana. Na sa a baki. Ya farfashe kamar yadda ya saba, ina taunawa yana saurare, har muka ji takun Marlene a kan matakala.